Hitar Motar Baba

Da ciwon sikila aka haife ni. Duk wanda ya zauna da mai irin wannan ciwo ya san sanyi ne babban abokin gabarmu. Ni yakan fara mini daga gwiwa, ya hau ƙugu, ya je ya zauna a gadon baya, sai in ji kamar ana daka ƙasusuwana a turmi. Yayana da nake bi, wannan ciwon ne ya yi ajalinsa yana ɗan shekara tara, a tsakiyar ɗari. Ban riƙe fuskarsa sosai ba, amma na tashi na tarar gidanmu na Limawa yana tsoron Disamba da Janairu kamar yadda wasu gidaje ke tsoron ɓarayi.

Baƙo zai yi dariya idan aka ce masa ana tsoron sanyi a Minna. Garin zafi ne, a watan Maris har kwalta laushi take yi. Ɗarinmu na 'yan makonni ne, kuma na safe kawai, kafin ƙarfe goma kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Amma wannan ɗan tsakanin, daga asuba zuwa hantsi, ya isa ya kwantar da ni a asibiti.

A shekarun da 'yan kasuwa suka fara komawa sabuwar Kasuwar Kure na samu gurbi a kwalejin horar da malamai da ke can bakin gari. Inna ba ta so ba. Ta ce karatun da zai kai mutum kabari ba karatu ba ne. Baba dai ya sa hannu a takardar, na fara zuwa. Darasin farko ƙarfe bakwai da rabi ake shiga, don haka kullum da sassafe nake hawa kabu-kabu, iska na dukan ƙirjina har ƙofar makaranta. A mako na biyu na Disamba ciwon ya tashi. Kwanana tara a asibiti, har da ƙarin jini.

Ranar da aka sallamo ni, ina kwance a ɗakin Inna, na ji ta tana ce wa Baba, "Malam, an gama. Ba inda za ta sai sanyi ya wuce."

"Jarrabawarsu a Janairu take," in ji shi.

"To a yi babu ita."

Can na ji Baba ya ce, "Daga Litinin ni zan riƙa kai ta."

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, kamar mahaifinsa, wanda ya biyo layin dogo daga Zariya ya zauna a Minna. Gyaran injin jirgi ya yi har ya ajiye aiki, daga nan ya kama rumfa a kasuwa yana gyaran kekunan ɗinki. Mutum ne marar yawan magana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, amma duk da haka sai mu yini gida ɗaya ba mu yi maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Yana da wata tsohuwar mota da ya saya a hannun wani ogansa na wurin aiki. Shuɗiya ce a da, rana ta cinye launin ta bar ta wani iri, ba fari ba, ba toka ba. Ƙofar bayanta sai an ɗaga ta sama kafin ta rufu. Ba ya fita da ita sai ranar Juma'a, ko idan za a je ta'aziyya Bida ko Kontagora. Sauran kwanaki tana ƙofar gida, awaki na kwana a inuwarta.

Da ita muka fara fita ranar Litinin. Inna ta naɗe ni da bargo, ta sa mini safa biyu, ta ba ni gorar ruwan zafi a cikin tsohon zane in rungume. Motar ta fi kabu-kabu nesa ba kusa ba, amma sanyin bai bar ni ba. Robobin ƙofa duk sun zube, iska na shigowa ta ƙasa tana bugun ƙafafuna, kujerar kuma kamar an kwana da ita a randa. Gorar kan huce tun ba mu yi rabin hanya ba. Ban faɗa wa kowa ba, don na san abin da Inna za ta ce. Sai dai a rana ta huɗu Baba ya waiwayo ya gan ni ina murza gwiwoyina ta ƙarƙashin bargo.

Don in kawar da hankalinsa sai na nuna wani ɗan maɓalli da ke ƙasan rediyo, mai zanen shuɗi a gefe ɗaya, ja a ɗaya gefen. Na ce, "Baba, wannan na mene ne?"

"Na hita ne, mai ɗumama cikin mota. Don ƙasashen Turawa aka yi shi."

Sai kuma ya miƙa hannu ya tura shi wajen jan, ya kunna fanka. Fankar ta yi gurnani, ta feso mana busassun ganyaye da iska mai sanyi ƙarara. Ya kashe. Da muka tsaya a ƙofar makaranta, ya ce, kamar da kansa yake yi, "Shekara goma sha shida motar nan tana hannuna, ban taɓa tura abin nan ba."

Ranar Asabar bai je kasuwa ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera sifanoninsa na reluwe, ya buɗe bonet. Ni ina zaune a dakali cikin rana ina kallo. Ya fara duba ruwan lagireto, ya ga ya yi ƙasa, ya cika. Ba abin da ya canza. Sai ya shiga bin tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, har ya kai ga bayan inji, inda ya ga wasu bakin bututu biyu sun leƙo daga jikin motar, ba komai a kansu. Tiyon da ya kamata su shiga nan, wani bakanike ya yanke su tun da daɗewa ya haɗe su da juna.

Ya kira ni ya nuna mini. Ya ce akwai wani ƙaramin lagireto a ɓoye a cikin motar, daidai saman ƙafafun wanda ke kujerar gaba. Ruwan zafin inji ne ke bi ta cikinsa, fanka ta hura iska a kai, iskar ta ɗumama. "An datse masa ruwa, shi ke nan. Abin ba wuya." Rabon da in ga Baba yana murna haka har na manta.

Mai shayin unguwarmu ya leƙo ya tambayi abin da ake gyarawa. Da ya ji, sai ya kwashe da dariya. "Hita, Malam? A Minna? Ko Jos za ka koma ba mu da labari?" Kafin azahar labari ya zaga layinmu, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya faɗi tasa. Baba bai kula kowa ba. Ya samo sabon tiyo, ya haɗa, ya ɗaure, ya tada mota.

Iskar da ta fito ba ta da sanyi kamar da, amma ba za a kira ta ɗumi ba. Kamar shayin da aka manta a kofi. Washegari da sassafe ma ko wannan ɗin babu. Baba ya sake kwancewa, ya sake ɗaurawa, ya ƙara ruwa, ya canza murfin lagireto. Duk a banza. Injin jirgi ya sani ciki da bai, ga ɗan abin da bai kai tafin hannu biyu ba ya gagare shi, kuma na ga abin yana cin ransa.

Inna ta ce, "Malam, a sa kasko da garwashi a ƙasan kujera mana, kamar yadda muke yi a ɗaki."

Ya dube ta. "A mota mai fetur? So kike mu isa makaranta gasassu?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Da daddare ya ce mini in shirya, Asabar mai zuwa za mu Ketaren Gwari wurin kanikawa, tunda ni ce zan faɗi ko ɗumin ya isa.

Sai da rana ta ɗaga muka fita. Garejin farko da muka tsaya, samari ne. Babbansu ya saurari Baba, ya sosa kai ya ce, "Baba, mu fa cirewa muke yi, ba mu iya mayarwa ba." Na biyu ma haka. A na uku ne wani ya nuna mana can ƙarshen layi, gindin wata darbejiya, ya ce akwai wani dattijo da ya yi aiki a Jos, in ma akwai wanda ya san hita a garin nan to shi ne.

Gajere ne, kansa fari fat, da ɗan gicciye rataye a wuyansa. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya yi shekaru yana gyaran motocin wani asibitin mishan a kan tsaunin Jos kafin ya sauko Minna. Hausarsa irin wadda ake ji a gareji da kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ni "ka" yake ce mini, motar kuma "shi". Da Baba ya faɗi abin da ya kawo mu, shi ma dariya ya fara.

"Malam, wane ne ya ji sanyi a Minna?"

Baba ya nuna ni da haɓa. "Sikila gare ta."

Dariyar ta tsaya. Ya zo kusa ya dubi idanuna, ya dubi siraran hannayena, ya ce, "Yaron kanwa na ma haka ya yi." Bai ƙarasa labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya juya ya ce, "Bude bonet."

Ya bar injin yana aiki kamar minti goma sha biyar, sannan ya kama hannun Baba ya ɗora a kan tiyo na farko, ya mayar kan na biyu. Ɗaya da ɗumi, ɗaya sanyi. "Ka ji? Ruwa yana shiga, ba ya fita. Tsatsa ya toshe hanya. Ciwo na daya ke nan." Sai ya leƙa ta taga ya dubi allurar da ke nuna zafin inji. "Wannan yana kai tsakiya?"

Baba ya gyara tsayuwa, ya ce cikin alfahari, "Ko Kaduna na je da ita, allurar nan ba ta ɗagawa."

"To, ciwo na biyu ke nan."

Ya kwance wasu ƙusoshi biyu a inda babban tiyo ya shiga inji, ya ɗaga murfin, ya nuna mana rami ba komai a ciki. Ya ce nan ne mazaunin wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ake kira tamostat. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, sannan ya buɗe ya bar shi ya tafi lagireto ya huce. Kanikawan ƙasar nan da mota ta shigo hannunsu suke cire shi su jefar, wai ƙasarmu zafi gare ta. Idan babu shi, da safe injin ba ya taɓa yin zafin kirki, to ina hita za ta samu abin da za ta bayar?

Baba bai yarda nan take ba. Ya ce, "Oga, in ka mayar da shi, watan Maris fa? Ba za ta tafasa mini a hanya ba?"

"In lagireto yana da tsabta, fanka yana juyawa, ba zai tafasa ba. Wanda ya kera mota ba mahaukaci ba ne, Malam."

"Wanda ya ƙera ta bai taɓa zuwa Minna a watan Maris ba."

Suka yi ta ja-in-ja, wannan ya kawo misali da injin jirgi, wancan ya kawo da motar asibiti, har matar dattijon, wadda ke sayar da abinci a wata rumfa kusa da garejin, ta kawo mini kujera da kofin kunu mai zafi ta ce, "Zauna, 'yata. Waɗannan sun samu juna, ba yanzu za su gama ba."

A ranar wankin ƙaramin lagireton aka yi. Dattijon ya cire tiyon biyu, ya sa na ruwa ta bakin da ruwa ke fita, ya tura shi ta baya. Da farko ko ɗigo. Ya ɗan bubbuga, ya hura da famfon taya a hankali, ya ce in aka matsa da ƙarfi zai fashe, kuma samun wani sai an tona. Can sai ga wani jan ruwa mai kauri ya tsarto, kamar kogin Chanchaga a tsakiyar damina. Aka yi ta turawa, gaba da baya, har ruwan ya fito fari. Ya tambayi Baba wane ruwa yake zubawa a lagireto, Baba ya ce na rijiya. Dattijon ya girgiza kai kawai.

Tamostat kuwa ba a samu a shago ba, ba mai ajiye abin da ba a nema. Dattijon ya ce a ba shi mako ɗaya. Da muka koma Asabar ta gaba, ya fito da guda biyu a cikin leda, ya ce daga matattun motoci ya ciro su, ɗaya a nan Ketaren Gwari, ɗaya kuma sai da ya je har Suleja. Baba ya buɗe baki zai yi magana, dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce yana da wani aiki can dama. Matarsa ta dube shi ta gefen ido.

Bai yarda ya sa su haka nan ba. Ya karɓi wata tsohuwar tukunya a wurin matarsa, ya ɗora ruwa a murhunta, ya ɗaure kowanne da waya ya zira a ciki. Mu huɗu muka sunkuya a kan tukunyar, tururi na dukan fuskokinmu. Ruwa ya fara ƙananan kumfa. Na farkon ko motsi. Na biyun kuwa, ana dab da tafasa, sai ga bakinsa yana buɗewa a hankali, shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi.

"Allahu akbar," in ji Baba.

"Ka gani? Yana da rai," in ji dattijon, yana dariya kamar yaro.

Aka sa shi, aka cika ruwa. Dattijon ya sa Baba ya hau da ƙafafun motar na gaba kan wani tudun jar ƙasa, hancin motar na kallon sama, ya bar murfin lagireto a buɗe, injin na aiki, yana matsa tiyo da hannu. Iskar da ta maƙale a ciki ta riƙa fitowa ɓul-ɓul. A karo na farko na ga allurar ta tashi ta tsaya a tsakiya. Baba ya kafa mata ido, hannunsa a kan makulli, yana jiran ta wuce. Ba ta wuce ba.

Dattijon ya ce, "Yarinya na, shiga ka sa kafa."

Na shiga, na cire takalmi. Akwai ɗumi, ɗumi na gaske, amma kaɗan-kaɗan yake fitowa. Na so in ce ya isa, don na ga sun gaji. Ya lura da fuskata ya ce, "Kada ka yi mani kara. Fada gaskiya." Na ce bai kai ba.

Ya kwanta a ƙasan sitiyari da tocila, ya daɗe, ya fito ya ce wayar da ke tafiya daga maɓallin zuwa ƙofar iska ta yi tsatsa ta lanƙwashe, rabi kawai take buɗewa. Wurin matsattse ne, yatsunsa masu kauri ba sa shiga, idonsa kuma ya ce ba ya ganin ƙananan abubuwa kamar da. Nan Baba ya tuɓe babbar riga. Hannun da ya saba da cikin keken ɗinki bai sha wahala ba. Ya zare tsohuwar wayar, aka samo wayar burkin keke, ya auna, ya yanke, ya lanƙwasa bakinta, ya saƙala, dattijon na riƙe masa tocila yana cewa, "Hagu kadan, Malam. Yawwa." Kafin mu tafi suka yanka tsohon tib ɗin taya suka liƙa a gefen ƙofofi a madadin robobin da suka zube.

Safiyar Litinin ɗin nan tana cikin abubuwan da nake komawa gare su idan kewa ta dame ni. Baba ya dawo daga masallaci ya tada motar, ya bar ta tana aiki yana shan koko a tsaye. Da na fito da bargona ya buɗe mini ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Na zauna, ɗumi ya kama tafin ƙafata, ya hau ƙwauri, ya kai gwiwa. Muka fita daga Limawa, muka tsallake layin dogo, mutane a bakin hanya sun ƙudundune a gaban masu ƙosai, matan Gwari na shigowa gari da itace a kafaɗa. Kafin mu kai rabin hanya na ture bargon.

"Uwata, ya kika ji?"

"Baba, har gumi nake yi."

Ya gyaɗa kai. Na dube shi, ashe shi ne ke gumin gaske. Ya cire hula ya ajiye a cinya, zufa na gangarowa ta bayan kunnensa, ya jiƙa wuyan rigarsa. Baba mutum ne mai jin zafi, ko a ɗari da taga buɗe yake kwana. Na ce ya ɗan sauke gilashin gefensa. Ya ce shi lafiya lau yake. Ɗarin shekara uku muka yi muna wannan tafiya, ban taɓa ganin ya sauke gilashin nan ko da faɗin yatsa ba.

A cikin motar nan na san mahaifina. Ban san ko ɗumin ne ke sakin harshensa ba, ko don idonsa na kan hanya ne ba a kaina ba. Ya ba ni labarin mahaifiyarsa, mai sunana, yadda take dafa rogo ta kai tasha idan jirgin Legas ya tsaya. Ya ba ni labarin ranar da ya fara shiga cikin injin jirgi yana saurayi, tsoro ya hana shi taɓa komai. Wani lokaci ya sa in karanta masa abin da za a tambaye mu a jarrabawa, ya riƙa gyara mini lissafi da ka. Idan na yi shiru sai ya ce, "Ci gaba, ina ji." Tafiyar ba ta fi minti ashirin da biyar ba. Da mun dawo gida da yamma kuma sai ya koma Baban da na sani, gaisuwa kawai.

Ba zan ce hita ta warkar da ni ba. Na rubuta jarrabawar Janairu lafiya, amma a ɗari na biyu ciwon ya kama ni a cikin motar ma, Baba ya juya kan mota muka wuce asibiti. A wannan kwanciyar dattijon ya zo duba ni da matarsa, da kwanon faten acca. Da za su tafi ya tsaya a gefen gadon ya rufe ido ya yi mini addu'a irin tasu, a harshensu. Baba na tsaye, bai ji ko kalma ɗaya ba, amma da aka gama ya ce amin. A lokacin sun riga sun zama abokai. Duk Asabar da yamma Baba kan ce zai kai mota a duba, ko ba abin da ya same ta. Da Sallah mukan aika musu nama, da Kirsimeti su aiko mana shinkafa da kaza, wadda dattijon ke kawowa da ranta don Baba ya yanka da kansa. Watan Maris ya zo ya wuce har sau uku, motar ba ta tafasa ba, kuma dattijon bai taɓa barin Baba ya manta da haka ba.

Na gama makaranta, na samu koyarwa a wata firamare da ba ta da nisa da gida, ina zuwa da ƙafa bayan rana ta fito. Tafiyar safe ta ƙare haka nan, ba wanda ya ce ga ranar ƙarshe. Da na san ita ce, da na roƙe shi ya bi doguwar hanya. Idon dattijon ya ci gaba da raguwa. Wata Kirsimeti ya tafi gida, 'ya'yansa suka hana shi dawowa. Sukan yi waya da Baba jefi-jefi, gaisuwa da tambayar mota, don dukansu ba su iya hira a waya ba. Bayan aurena Baba ya sayar da motar ga wani mai ɗaukar doya daga Paiko, ya ce ƙafarsa ba ta iya taka kuloci. Da damina ta biyu bayan haka ya kwanta, kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku, ina cikin gida tare da mata, aka ce wani tsoho makaho yana zaure yana neman 'yar Malam. Na fito na same shi zaune a bakin tabarma, 'yarsa na riƙe da sandarsa. Tun asuba suka taso, mota uku suka canza. Na durƙusa na gaishe shi. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Yarinya na. Yaya kafa?"

"Da sauƙi, Baba."

Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce akwai maganar da ya riƙe shekaru, yanzu mai ita ya tafi, yana ganin ba laifi ya faɗa. Ya ce bayan zuwanmu na farko, a tsakiyar mako, Baba ya koma garejin shi kaɗai. Bai zo da mota ba. Ya zauna a benci ya daɗe, sannan ya ce, "Oga, ciwon yarinyar nan daga jinina yake, ni da uwarta. Lokacin da muka yi aure ba a gwaji, ba mu sani ba. Na binne ɗaya. Ba ni da maganin da zan ba ta. Wannan ɗumin kaɗai nake iyawa, ka taimake ni in iya shi."

"Ya yi kuka a gaba na," in ji dattijon. "Babban mutum kamar Malam. Na ce masa, ba laifin ka ba ne, Allah ne ya yi. Ya ce ya sani, amma sani bai hana shi ji ba."

Baba bai taɓa yi mini maganar ciwona ba, ko sau ɗaya, ban da ya tambaya ko na sha magani. Na zauna a ƙasa kusa da tsohon nan na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar rasuwar, shi kuma yana ta cewa, "Yi hakuri, yi hakuri," hawaye na bin fuskarsa.

Inna ta so su kwana biyu, 'yar ta ce tana da aiki. A ɗakin Baba aka yi masa shimfiɗa. Da safe mijina ya samo mota muka raka su tasha, Inna ta haɗa musu dambun nama da ƙullin gero. Da za su shiga mota ya ce in na samu hutu in zo in ga garinsu, akwai duwatsu, akwai lemu, amma in zo da bazara. Na ce in sha Allahu. Mukan yi waya da 'yar lokaci-lokaci, daga baya lambar ta daina shiga, kuma ban san kowa a garin da zan tambaya ba. Har yau ban je ba.